Maigida ya koma sigarin lantarki, ƙanina ma ya fara, ina neman shawara

Salam 'yan uwa, admin don Allah a ɓoye sunana. Maigidana tun kafin aurenmu yake shan sigari, bara abokinsa ya kawo masa wannan na lantarkin mai caji, gaskiya tarin asuba ya ragu kayansa ma sun daina wari, amma in ya fita majalisa har yanzu yana zuƙar na karan. To abin da ya ɗaga min hankali ƙanina da ke zaune wajenmu, ɗan aji shida na sakandare da ko warin taba ba ya so, sai ga guda a jakarsa mai ƙamshin kankana, wai Anti ai ba taba ba ce tururi ne kawai. Wa zan fara hanawa?

Wani yaya daga Kaduna:
Ƙanwata ni tsohon mashayi ne, da shi na rabu da kara. Kar ki matsa wa maigida ya jefar da shi yanzu, wallahi kwalin zai koma. Matsalar haɗa biyun da yake yi, in dai yana kunna ashana ko kara biyu ne a rana kwalta na shiga huhu. Ya bar karan gaba ɗaya tukuna, sannan ya riƙa sayen ruwan da ake zuba wa na lantarkin mai ƙarancin nikotin, wato sinadarin da ke sa mutum ya kamu da taba, har ya ajiye.

Ma'aikaciyar jinya:
Maganar yaron ba gaskiya ba ce. Batir ne ke zafafa wani ruwa mai gilisarin da kayan ƙamshi, kuma yawancinsu akwai nikotin, wasu ma da yawa sosai. Eh ba a ƙona ganye shi ya sa gubar ba ta kai ta sigari ba, hukumar lafiya ta Ingila har shawartar masu shan taba take su gwada shi don su daina, amma su ɗin dai sun ce wanda ba ya sha kar ya fara, kuma a 2025 gwamnatin ƙasar ta hana sayar da irin wanda ake yarwa in ya ƙare, har da dalilin yara. Indiya kam tun 2019 ta haramta shi. Wanda ya ƙirƙiro shi a Sin a 2003 mai haɗa magani ne da ke neman hanyar barin taba, ba don yaran makaranta aka yi ba, ƙwaƙwalwar yaro ba ta gama ƙwari ba, nikotin na saurin kama ta.

Hajiya daga Maraɗi:
'Yata ni duk ɗaya na ɗauke su, ɓarnar kuɗi da lafiya. Ku dage da addu'a.

Wani memba:
Hajiya Allah ya ƙara girma, amma ba ɗaya ba ne, maigidan sauka yake yi yaron kuma hawa. 'Yar uwa a gida ya gani ya raina abin, ki lallaɓa maigida ya daina sha a gabansa, kuma shi da kansa ya zaunar da shi ya faɗa masa wahalar da yake sha wajen dainawa, zai fi jin nasa.

Mai tambaya:
Na gode Allah ya saka. Yau da dare zan yi wa maigida magana. Anti nas, in yaron ya riga ya kamu ta yaya zan gane?

Ma'aikaciyar jinya:
Ki karɓe na kwana biyu ki lura, in ya fara saurin fushi, ciwon kai, rashin barci ko kasa natsuwa a karatu to ya kamu, ki kai shi asibiti ya ga likita, kuma ki bincika wa ke sayar masa.