Me za mu kira IA da Hausa kafin ta zauna a azuzuwanmu?

Assalamu alaikum malamai da ƴan uwa ma'abota Hausa. Ina koyarwa a wata kwaleji a nan Tawa, kuma taron iyayen yara da muka yi a farkon shekarar karatu ne ya sa na ɗauko wannan zance. Wani dattijo mai fataucin albasa ya miƙe ya ce ɗansa ya daina zuwa wurin yayansa da aikin gida, sai dai ya ɗauki waya ya rubuta tambaya, amsa ta zubo masa nan take. Ya dube ni ya ce, "Mushe, wane ne a cikin wayar nan da yake ba shi amsa?" Da na buɗe baki, "intelligence artificielle", wato IA a taƙaice da Faransanci, ce ta fito. Ya gyaɗa kai don ladabi ya koma ya zauna, ni kuwa na san ban ba shi komai ba.

Sunan dai John McCarthy, masanin na'ura mai ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, ne ya raɗa shi da Turanci a 1955, cikin takardar shirya taron masana na Dartmouth a Amurka wanda aka yi a 1956, Faransanci kuma ya ɗauko shi yadda yake. Abin da ke wayar yaron dangin ChatGPT ne, wanda kamfanin OpenAI ya fitar ranar 30 ga Nuwamba 2022. An ɗura wa na'ura rubutu mai ɗimbin yawa har ta laƙanci wace kalma ce ta saba bin wace, shi ya sa take kawo daidai da kuskure da murya ɗaya, ba ta ko inda-inda. Duk sunan da za mu ba ta, ya kamata ya bar wa ɗalibi damar yin shakka.

Kafofin labarai na Najeriya sun fi cewa "ƙirƙirarriyar basira", kuma ban raina aikinsu ba, domin su suka fara share hanya. Amma na rubuta ta a allo na sa yara su karanta, harshensu ya yi ta harɗewa a tsakiyarta, kuma kalmar da ke wahalar da baki ba ta daɗewa a kasuwa. Ban da haka, idan aka ce labari ƙirƙirarre ne, ƙage ake nufi, ga shi kuma sunan bai faɗi a ina basirar take ba, alhali tambayar dattijon ke nan.

"Basirar wucin gadi" kuwa kuskure ce. Wucin gadi shi ne abin da aka tsayar kafin na dindindin ya samu, kamar rumfar zana da yaranmu suke karatu a ciki kafin a gina musu aji. Uban da ya ji wannan suna zai ɗauka abin na ɗan lokaci ne.

Wani abokin aiki daga Konni ya kawo "hankalin na'ura", kuma a nan na fi daɗewa ina tunani, domin sunan yana da daɗin faɗa. Sai dai a wurinmu hankali shi ne abin da ake ɗora wa mutum nauyi saboda shi: mai hankali ake yi wa hukunci, shi ake ba amana, shi ake jin kunyarsa. Idan na'ura ta ba yaro shekarar da ba ita ba a darasin tarihi, ya kwafa a takardar brebe, ba ita za a kayar ba, ba kuma za ta ji ciwo ba. Ranar da muka koya wa yaro cewa wayarsa tana da hankali, mun ba shi hujjar ajiye nasa. "Kwaikwayon basira" ta fi kowace kusa da gaskiyar aikin, amma kunne yana jin ta sai ya tafi wasan kwaikwayo, don haka na bar ta wurin bayani.

Abin da na tsaya a kai shi ne "basirar na'ura". Wani malamin islamiyya da nake girmamawa ya ce mini basira hasken zuciya ce, baiwa ce daga Allah, bai dace a jingina ta ga ƙarfe ba. Na amsa masa da cewa Bahaushe ya kira keke dokin ƙarfe, ba wanda ya taɓa kai masa ciyawa, kuma mun daɗe muna cewa na'ura mai ƙwaƙwalwa ba tare da an ruɗe ba. Kalma ta biyu ita ce linzamin ta farko. Da an ce basirar na'ura, an riga an nuna akwai ta mutum, kuma ba ɗaya suke ba.

Ba son gardama ya sa na matsa ba. Ƙasarmu ta taɓa ganin na'ura ta shiga aji: a 1964 aka soma koyar da yara ta talabijin a Nijar, da Faransanci, iyaye suna daga waje ba su da bakin cewa komai. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta koyarwa da Hausa a Damagaram, a 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Yanzu ana yi wa ƙasashe irin tamu albishir cewa wannan fasaha za ta ba kowane yaro aikin da ya dace da matsayinsa, ta taimaki malami wurin shirya darasi, ta juya littafi zuwa Hausa ko Zabarmanci. Ni da nake tsayawa gaban yara fiye da saba'in, uku uku a kan littafi ɗaya, ina marmarin wannan taimako ƙwarai. Amma yana bukatar wuta da rezo, waɗanda ƙauyukanmu da yawa ba su da su, kuma Hausar da na'urar take yi har yanzu da ƙamshin Turanci, ta Adar kuwa ba ta san ta ba. UNESCO ma a 2023 ta ba da shawarar kada a bar yaro ƙasa da shekara 13 da wannan fasaha a aji. Kwamitin iyaye ne zai zauna kan irin wannan hukunci a kowace lakwal, kuma ba zai yanke shi da kalmar da ba ya ji ba.

Roƙona ga masana na INDRAP, cibiyar binciken harkar koyarwa ta Nijar, da na jami'o'in Abdu Mumuni da Jibo Hamani shi ne su zauna da takwarorinsu na Kano da Sakkwato su tsayar da suna ɗaya, kamar yadda aka zauna a Yamai a 1980 kan daidaita rubutun Hausa, kafin a buga littattafai da suna biyu. Malaman Maraɗi da Damagaram kuma, don Allah ku gwada "basirar na'ura" a azuzuwanku ku faɗa mini yadda ta zauna a bakin yara, domin ina so in je wa dattijon nan da ita a taronmu na gaba.