Neman kalma: me za mu kira hot hatch da Hausa?

Jama'a ku taimaka min da kalma. Jiya a garejin ogana da ke wajen Wunti a Bauchi aka kawo wata Golf 3 gyaran birki, yaron mai motar sai cika baki yake wai ai wannan hot hatch ce, oga ya leƙo daga ƙarƙashin mota ya ce hot me? Duk muka yi dariya amma wallahi babu wanda ya iya faɗa masa da Hausa, shi ne na ce bari in kawo nan.

Ga abin da ake nufi dai. Ƙaramar mota ce ta mai ƙaramin ƙarfi, irin wadda but ɗinta da cikinta a haɗe suke, murfin baya ya ɗaga sama har da gilashin, sai kamfani ya ɗora mata injin da ya fi ƙarfin jikinta. Golf ta fito a 1974 don ta gaji Bitil, a 1976 Volkswagen suka fitar da hot hatch ɗinta mai suna GTI, injin lita 1.6 mai ƙarfin doki 110 a jikin da bai wuce kilo 810 ba, tana taka 180 har da ɗoriya. Guda 5,000 kacal suka yi niyyar ƙerawa, ƙarshe sai da suka sayar da sama da 400,000. Peugeot ma suka biyo da 205 GTI a 1984. Ita wadda aka kawo mana VR6 ce, fulogi shida, lita 2.8, doki 174, a waje kuwa ka rantse irin ta haya ce.

To na ga amsoshinku, bari in bi su.

Masu cewa guntuwa mai zafi, guntuwa kam ta zauna, don dama haka muke raba ta da doguwar nan da ake lodin fasinja zuwa Gombe ta Alkaleri. Amma zafi a'a. Ka shiga kowane gareji ka ce motarka mai zafi ce, kafin ka rufe baki an buɗe bonet ana duba lagireto da fanka, a wajenmu zafi ciwo ne ba yabo ba.

Wani ya ce mai wuta, ita ma da matsala, wuta batir ce da wayarin, ga kuma motocin lantarki sun fara shigowa za a rikice.

Malam da ya kawo ƙaramar motar tsere, Allah ya gafarta malam ban yarda ba. Ba don tsere aka yi ta ba, da ita ake kai yara makaranta a biya kasuwar Muda Lawal a sa buhun masara a baya, gudun ƙari ne kawai, in ka ce tsere ka cire rabin ma'anar.

Sai wani baba tsohon direba daga Gombe ya ce ɗana ku bar wahalar da kanku, abu ƙarami mai yaji ai tsidugu ne. Nan fa na ajiye waya na yi tafi, don yaji ya ɗauko abin da zafi ya kasa ɗauka kuma ba wanda zai taɓa maka lagireto.

Ni dai na tsaya a nan, a rubutu guntuwa mai yaji, a baki tsidugu. Na gwada wa oga da safe ya ce to tsidugun nan kambunta ma ya cinye, a kira yaron ya ƙaro kuɗi.