Wace kujerar koci ce ta fi daraja a ƙwallon jami'o'in Amurka?

(An yi wannan hira a farkon Disamban 2025.)

Bashir: Jama'a, kun dai ga abin da Lane Kiffin, kocin Ole Miss, wato Jami'ar Mississippi, ya yi ranar Lahadi. Ole Miss ta ci wasa 11 cikin 12, tana dab da shiga zagayen neman kofin ƙasa, mutumin ya tattara komatsansa ya koma LSU, Jami'ar Jihar Louisiana. Masu zaginsa su yi ta yi. Ni a wurina babu kujerar koci a ƙwallon jami'o'in Amurka da ta kai ta LSU, kuma sirrin yana ga ƙasar da jami'ar take zaune a kai. Inda yara ke fitowa, nan ne aikin kirki yake.

Nura: A yi min afuwa, ni ɗan Madrid ne. Wai wannan ƙwallon da ake sa hular kwano ana gware? Koci a jami'a har yana da abin da za a yi rububi a kai?

Malam Habu: Ita ce, Nura. A jihohi da dama kocin jami'a ya fi gwamna albashi nesa ba kusa ba, filin Michigan kuma yana cin mutum sama da dubu 100. Bashir, kawo hujjarka mu ji.

Bashir: Allah ya gafarta Malam, ga ta. Mutum uku daban-daban sun ɗauki kofin ƙasa a LSU: Nick Saban a 2003, Les Miles a 2007, Ed Orgeron a 2019. Saban gwani ne, ba musu. Amma Orgeron fa? Ya riƙe wannan Ole Miss ɗin daga 2005 zuwa 2007, ya ci wasa 10, aka lallasa shi 25. Da ya hau kujerar LSU sai ga shi ya ci 15 a jere a kaka guda. Mutumin bai sauya kwanya ba. Louisiana ce ke fitar da yara masu ƙafa da ƙarfi, kuma LSU ce kaɗai jami'ar da ke babban rukuni a jihar. Gona ce mai albarka da ba ka da abokin rabo. Taurarinta masu kama ƙwallo, Ja'Marr Chase da Justin Jefferson, duk 'yan gida ne. Ka je jihar Mississippi, jami'a biyu ke kokawa a kan yara. Alabama ma tana da Auburn a maƙwabta.

Sadiq: Yaya Bashir, wa yake jefa wa Chase da Jefferson ƙwallon? Joe Burrow. Daga Ohio State ya sauya sheƙa ya zo. Jayden Daniels da ya ci kyautar Heisman, ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i, a 2023 ɗan California ne, daga Arizona State aka ɗauko shi. Manyan taurarin LSU biyu na baya-bayan nan duk baƙi ne.

Bashir: Baƙon ya zo ne don ya san zai tarar da 'yan gida masu kama ƙwallo.

Anti Larai: Ƙanena, ka lissafo masu kofi, amma ba ka faɗi yadda aka rabu da su ba. Miles an kore shi a 2016 bayan wasa huɗu kacal. Orgeron bai cika shekara biyu da ɗaukar kofi ba aka sanar da cewa zai tafi. Brian Kelly ya baro Notre Dame kan kwantiragin shekara 10, ya ci wasa goma-goma a 2022 da 2023, aka sallame shi a watan Oktoban nan. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne gwamnan jihar, Jeff Landry, ya fito bainar jama'a ya ce daraktan wasannin jami'ar, Scott Woodward, ba shi zai zaɓi sabon koci ba. Kafin ka ce kwabo Woodward ya bar aiki. To aikin da gwamna ke leƙo maka ofis, shi ne mafi kyau?

Bashir: Anti, Kelly an kore shi da kusan dala miliyan 54 na sallama. Irin wannan korar Allah ya kawo mana ita.

Anti Larai: Amin, amma kuɗin sallama zance daban ne da daɗin aiki. Ni abin da nake dubawa shi ne haƙuri. Jami'ar Iowa koci biyu ta yi tun 1979: Hayden Fry, sai Kirk Ferentz daga 1999 har yau. Mutum ya rene 'ya'yansa a gari ɗaya, ya ci wasa takwas ko tara a shekara, ba mai kafa allon "na sayarwa" a ƙofar gidansa.

Bashir: Rabon Ferentz da kambun Big Ten, rukunin jami'o'in da Iowa ke ciki, tun 2004, shi ma raba shi aka yi. Wannan ai fansho ne.

Anti Larai: Ka tambayi 'yan Nebraska ko za su ƙi wannan fanshon. Sun kori Frank Solich a 2003 yana da nasara tara, suka kori Bo Pelini a 2014 alhali bai taɓa yin ƙasa da tara ba, wai suna neman zamanin Tom Osborne, tsohon kocin da ya ɗauko musu kofunan ƙasa. Har yanzu suna cigiya.

Sadiq: Duk ku biyun zamanin da ya wuce kuke lissafi. Tun Yulin 2021 ɗalibi yana iya karɓar kuɗin talla da sunansa, kuma yana sauya jami'a ba tare da ya zauna benci shekara guda ba. Daga 2025 kuma jami'a da kanta tana iya raba wa 'yan wasanta kuɗi, a shekarar farko har kusan dala miliyan 20 da rabi. Yaron New Orleans ba dole ne ya tsaya gida ba idan Oregon ta fi taya shi. Ku dubi Indiana inda nake karatu. Makarantar ƙwallon kwando ce, tana cikin waɗanda suka fi kowa shan kashi a tarihin wannan wasan. Curt Cignetti ya zo daga James Madison da yaransa sama da goma, ya ci 11 a 2024, bana 12 ba ko ɗaya da ya zubar. Babu gonar da Yaya Bashir ke faɗa. Aljihu ne aka buɗe, aka samu wanda ya iya cefane.

Malam Habu: Sadiq ɗana, kuɗi na aiki, amma na ga inda suka gaza. Texas A&M ta ɗauko Jimbo Fisher daga Florida State a ƙarshen 2017 kan dala miliyan 75. A 2022 ta kwashi sababbin yaran da aka ce sun fi na kowa, ta ƙare da nasara 5, shan kashi 7. A 2023 aka biya shi sama da miliyan 75 don kawai ya tafi. Kuma wanda ya ɗauke shi aikin shi ne wannan Woodward ɗin. Jami'ar Texas kuwa ga ƙasa ga dukiya, amma tun 1970 kofi ɗaya ta gani, na 2005. Matsalar irin waɗannan wurare ita ce masu faɗa a ji sun yi yawa. Attajirin da ya gina maka ɗakin motsa jiki yana son jin dalilin da ya sa ba a sa yaron da ya biya wa ba. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Mutane sun manta yadda Alabama take kafin Saban. Dennis Franchione ya bar ta ya tafi Texas A&M, Mike Price an kore shi a 2003 bai ja ko wasa ɗaya ba, ga takunkumin NCAA, hukumar wasannin jami'o'i. Suna yana nan, tarihi yana nan, amma gida a hargitse. Da daraktan wasanninta Mal Moore ya kawo Saban a 2007, aka sakar masa ragama gaba ɗaya, kowa ya kama bakinsa. Kofi shida suka biyo baya. Ni idan ana tayin kujera, tambayata ta farko ita ce shugaban jami'a da daraktan wasanni da attajirai bakinsu ɗaya ne, kuma wa ke yanke magana ta ƙarshe.

Sadiq: Malam, A&M ɗin ma bana 11 ta ci a hannun Mike Elko, ita ce ma ta doke LSU aka kori Kelly washegari. Kuɗin nan dai ne.

Malam Habu: Kuɗin nan ne, da Jimbo ma suna nan. Me ya sauya?

Nura: Ni dai na gane. LSU ita ce Chelsea ta zamanin Abramovich: ka ci kofi, a rungume ka, baɗi a nuna maka ƙofa.

Bashir: Kuma wane koci ne ya taɓa ƙin Chelsea a lokacin? Malam, ai maganarka ba ta rushe tawa ba. Shugabanni suna sauyawa, attajirai suna mutuwa, amma makarantun sakandaren Louisiana suna nan.

Malam Habu: In a kan ma'auninka ne ma, Ohio State ta fi LSU. Ita ma mutum uku: Jim Tressel 2002, Urban Meyer 2014, Ryan Day 2024. Jihar ta fi Louisiana jama'a ninki biyu da ɗoriya, kuma da wuya ka ga shekarar da ta lalace musu. Sai dai ina zaune a Columbus, garin da jami'ar take, na san farashin kujerar. Makon wasa da babbar abokiyar hamayyarsu Michigan za ka ga ɗalibai sun bi allunan jami'a suna liƙe kowane harafin M da jan salatif, har na sunayen gine-gine. Day ya sha kashi sau huɗu a jere a hannun Michigan. Ranar da aka ci shi 13 da 10 a bara, aka kaure da dambe a tsakiyar fili kan tuta har 'yan sanda suka fesa barkono, gari kuwa kowa cewa yake a kore shi. Bayan mako bakwai ya ɗauki kofin ƙasa. Duk da haka sai ranar Asabar ɗin nan da ya ci Michigan 27 da 9 wasu suka yarda su gaishe shi da fara'a.

Anti Larai: To kun ji. Shi ya sa Chip Kelly ya ajiye kujerar babban kocin jami'ar UCLA a 2024 ya koma mataimaki a Ohio State, Jeff Hafley ya bar Boston College ya tafi NFL, gasar ƙwararru, a matsayin mataimaki. Babban koci yanzu rabin aikinsa bara ne wajen attajirai da lallashin yara kada su gudu.

Sadiq: Malam Habu, Asabar mai zuwa a Indianapolis za a yi ta: Indiana da Ohio State, kowa 12 ba faɗuwa, kambun Big Ten. In mun ci, za ka yarda aljihu ya kashe tarihi?

Malam Habu: In kun ci, zan ce shugabanninku sun ba Cignetti wuƙa da nama, sun koma gefe. Ka tanadi tsiren da za ka saya min dai, don ba za ku ci ba.