Ta yaya baƙin rami ke feso abu waje alhali ko haske ba ya kuɓuce masa?

Ɗalibin Kimiyya: Assalamu alaikum. An koya mana cewa ko haske ba ya fitowa daga baƙin rami, wato wuri a sararin samaniya mai tsananin ƙarfin jan abubuwa, amma na karanta cewa idan ƙaton baƙin ramin da ke tsakiyar gungun taurari ya yayyaga tauraro, wani lokaci yakan tsarto siririn feshi mai gudun da ya kusa na haske. Ta ina feshin yake fitowa, kuma me ya sa ba kullum ake ganinsa ba?

Malam Bazazzagi: Wa alaikumus salam. Feshin ba daga cikin ramin yake fitowa ba, a kewayensa yake haɗuwa tun kafin gas ya ƙetare iyakar da ba a dawowa. Idan tauraro ya matso kusa, ramin yakan ja ɓangaren da ke fuskantarsa fiye da na baya, sai tauraron ya miƙe kamar taliya har ya tsinke. Kusan rabin gas ɗinsa yakan tsere, sauran kuma ya dawo yana kewaya ramin kamar faifai mai tsananin zafi. Idan ramin yana juyawa da sauri kuma maganaɗisu mai ƙarfi ya ratsa wurin, juyawar takan murɗe layukan maganaɗisun kamar yadda ake tufka igiya, ta bi da su ta cilla wani kaso na gas ta sama da ta ƙasa. Masana kimiyya Blandford da Znajek ne suka bayyana wannan hanya a 1977.

Hajiya Mai Taurari: Malam ya yi bayani, bari in ƙara misali. Ranar 28 ga Maris, 2011, tauraron ɗan'adam na Swift ya hango walƙiyar da aka fara ɗauka fashewar hasken gamma ce (wani haske mai tsananin ƙarfi da ido ba ya gani), wadda takan mutu cikin daƙiƙoƙi ko mintuna. Wannan kuwa ta yi ta ci tana lafawa kwana da kwanaki, sai bayan kimanin kwana 500 haskenta na eksire ya faɗi kwatsam. Ita ce Swift J1644+57, feshi daga baƙin ramin da ya yayyaga tauraro, mai nisan da haske ke shafe kusan shekara biliyan 3.8 kafin ya iso gare mu.

Malam Bazazzagi: Haka ne, Hajiya. Game da ƙarancinsa kuwa, ɗalibi, kusan kashi ɗaya cikin ɗari ne kawai na taurarin da aka ga an yayyaga suka nuna irin wannan feshi. Sai an samu maganaɗisu mai yawa, wanda tauraro guda ba lallai ya kawo ba, sannan feshin siriri ne kamar hasken tocila, sai wanda ya saita yake ganin ƙarfinsa. Wani irin wannan feshi mai suna AT2022cmc, da na'urar hangen sararin samaniya ta Zwicky ta gano daga Kalifoniya a Fabrairun 2022, mu ya saita kai tsaye, shi ya sa aka hango shi duk da cewa haskensa ya shafe fiye da shekara biliyan 8 a hanya.