Cikina wata bakwai, Umma ta ce in taho gida, mai makaranta ta ce in na tafi shi ke nan

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana, akwai dangin maigidana a gidan nan. Shawara nake nema, kaina ya kulle.

Cikin fari gare ni, ya shiga wata na bakwai. Ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a nan Kaduna, 'yan aji uku na firamare nake riƙe da su. Tun kafin aure nake aikin, kuma a gaban manya maigidana ya amince zai bar ni in ci gaba. Shi gyaran waya yake yi a kasuwa, yau a samu gobe a dawo haka. A Rigasa muke haya, kuma tun farko ba nan muka so ba. Akwai gidan da muka gani a Kinkinau mai famfo a ciki, har mun ba dillali kafin alƙalami, sai yayarsa ta ce wai ya yi wa Hajiyarsu nisa, aka fasa, kuɗin nan har yau ba su dawo ba, in na yi maganar sai ya ce in bar wa Allah. Inda muke yanzu sai 'yan garuwa, ranar da ba su shigo layin ba sai rijiyar maƙwabta. Da asuba nake ɗora abin kari, in ɗora na rana in zuba masa a kula, in fita kafin bakwai, don in na makara ana zaftare albashi. In na dawo ga wanke-wanke, ga littattafan yara da zan duba, ga tuwon dare, don shi da daddare in ba tuwo ba bai ci abinci ba. An kawo ƙanwarsa ta taya ni, ba ta daɗe ba ta koma ta ce wai na mai da ta baiwa, alhali shara ce kawai da wanke-wanke.

To yanzu Umma ta aiko daga Funtua in haɗa kayana, ƙarshen watan nan za a zo a tafi da ni goyon ciki, in haihu a gabanta sai na yi arba'in. Mai makarantar kuma ta ce in na tafi ba a gama jarrabawar zangon nan ba, in ɗauka na ajiye aiki. Ga adashe ina zubi, kwasata sai nan da wata biyu, kuma da shi nake so in sayi kayan jariri. Ya zan yi?

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam. 'Yata, wannan ai ba abin tambaya ba ne. Uwarki ta ce ki taho, ki ɗauki mayafinki ki tafi. Haihuwar fari a gida ake yinta tun iyaye da kakanni. Wa zai dafa miki ruwan wanka a gidan haya? Wa zai gasa miki jiki, wa zai karɓi jariri da tsakar dare ki runtsa? Ni 'ya'yana mata duk a gabana suka yi ta fari, ba wadda ta yi ko ciwon kai. Aikin makarantar kuɗi nawa yake? Ki bar mata makarantarta.

Maman 'Yan Biyu:
Duk bayanin nan ba ki gaya mana abu ɗaya ba. Shi ogan me ya ce? Ya yarda ki tafi ko bai yarda ba?

Mai tambaya:
Hajiya na gode, Allah ya ƙara girma. Amma albashin nan da kike gani, da shi nake sayen gas da sabulu da maganin awo. Ba wai ya gaza ba ne, yana iya ƙoƙarinsa, kasuwa ce sai a hankali.

Uwargida Ran Gida:
Hmm. Kin ji "yana iya ƙoƙarinsa"? Haka na riƙa faɗa. Ina da cikin na biyu nake sayar da zoɓo da kunun aya, ni ce gas ni ce cefane, har ragon suna sai da na cika masa kuɗi don kar a ji kunya a gaban dangi. Da kasuwa ta buɗe masa me ya fara yi? Lefe ya haɗa. Yanzu ita amaryar ko tsinke ba ta saya, kuma ita ce mai daraja. Duk macen da ta koya wa namiji cewa za ta iya, ta ɗauki kaya har kabari. Ni dai na gaya miki.

Malamar Gwamnati:
'Yar uwa, mai makarantar nan tsoratar da ke take yi. Dokar ƙwadago ta Najeriya, sashe na 54, ta ba mai ciki hutun mako 12: shida kafin haihuwa in ta kawo takardar likita, shida bayan haihuwa. In kin yi wata shida kina aiki a wurin, dole a biya ki aƙalla rabin albashi a lokacin, kuma ba a yarda a sallame ki kina cikin hutun ba. Bayan kin dawo ma kina da rabin awa sau biyu a rana na shayarwa. Mu ma'aikatan jihar Kaduna tun 2019 aka mai da namu wata shida, sai dai wannan na gwamnati ne, bai hau kan makarantar kuɗi ba. Inda gizo ke saƙar shi ne, a wata bakwai ba ki shiga makonni shidan ƙarshe ba tukuna. Ki roƙi Umma ta ƙara miki 'yan makonni, ki karɓo takarda a asibiti, ki rubuta neman hutu ki riƙe kwafi. Suna da takardar ɗaukar aiki da suka ba ki?

Mai tambaya:
Babu wata takarda Anti. Ƙawar yayata ce mai makarantar, da baki muka yi magana. Kuma gaskiya tana da kirki, lokacin laulayi ta sha ƙyale ni in kwanta a ofishinta. Ba zan iya kai mata maganar doka ba, sai a ce na yi butulci.

Hajiya Babba:
Ato. Doka a takarda take. Wace kotun za ta je da tsohon ciki? Ku 'yan boko komai sai ku ce sashe kaza. Yarinya tana jan ruwa a rijiya da ciki wata bakwai kuna maganar kwafi. Ni abin da ya fi ba ni haushi ma tuwon daren nan ne. Ciki ya tsufa ana tuƙa tuwo a durƙushe, shi yana zaune yana latsa waya.

Mai tambaya:
A'a Hajiya, ba ya barina in ja ruwa in yana gida, shi yake ja. Tuwon kuma ni ce ban taɓa ce masa na gaji ba. Ƙafafuna ne dai suke kumbura in na wuni a tsaye, sai in ɗora su a kan filo.

Anti Nas:
Tsaya ƙanwata. Ki ajiye maganar adashe da tuwo tukuna. Kumburin nan ƙafa ce kawai, ko har hannu da fuska? Zobenki yana shiga? Da kika je awo na ƙarshe nawa suka ce jininki yake, kuma sun gwada fitsari?

Mai tambaya:
Sun ce ya ɗan hau, wai in dawo bayan sati a sake gwadawa. Ban samu komawa ba saboda ranar awon ta faɗo ranar da muke bita da yara. Amma ina shan maganin ƙarin jinin kullum, kuma na yi allurar tetanus.

Anti Nas:
Innalillahi. Wannan shi ne ya kamata ki fara rubutawa, ba labarin dillali ba. Gobe da safe ki koma, ko ba ranar awonki ba ce. In jinin mai ciki ya kai 140/90 bayan wata biyar, musamman a cikin fari, ba a wasa da shi, don shi ne yake kai wa ga jijjiga. In kin ji ciwon kai mai tsanani da ba ya sauka, ko ganinki ya dushe, ko kina ganin walƙiya, ko ciwo a saman ciki ta ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko motsin yaro ya ragu, ko tsakar dare ne a tafi asibiti. Zuwa Funtua ko zama a Kaduna duk ba laifi, abin da za a duba shi ne ina ne za ki fi saurin isa asibitin da ke da likita da ɗakin tiyata da jini. In za ki tafi, ki tafi da katin awonki da duk sakamakon gwaji, ki yi rajista a can tun da wuri.

Hajiya Babba:
Kai Anti Nas, kar ki tayar wa yarinya da hankali. Kumburin ƙafa wace mai ciki ce ba ta yi? Mu a da cewa ake namiji za a haifa. Ta je gida ta huta, ta haihu, a yi mata wankan ganyen darbejiya safe da yamma, ta sha kunun kanwa da yaji, duk ruwan nan zai tsiyaye.

Anti Nas:
Hajiya da girmanki, amma nan kam ban bi ki ba. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu kan ciwon zuciya da ke kama masu jego a yankin nan, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da zafin wanka da kwanciya a kan gado mai wuta a ƙasa. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. Mai hawan jini ba a ɗura mata ita. A yi wanka da ruwa mai ɗumi, ba wanda zai sale fata ba.

Hajiya Babba:
Mu da muka sha ga mu da ranmu, har da jikoki.

Ummu Sultan:
Ni dai goyon cikin nan ban ga alherinsa ba. Na tafi gida wata bakwai, na dawo bayan arba'in na tarar da ƙannensa sun tare min a ɗaki, tukwanena na aure sun ƙone, an fasa min kwanukan tangaran, firjina har da tsutsa. Da na yi magana aka ce daga haihuwa na fara rashin kunya. In za ki tafi ki kulle ɗakinki ki tafi da mukulli. Ko kuma Umman ta zo ta zauna da ke, ai ana yi.

Mai tambaya:
Umma ba za ta iya barin Baba ba, ba shi da lafiya, kuma ciki da falo ne ina za ta kwana? Hajiyarsa ta ce za ta turo wata gwaggonsu ta yi min wanka, amma in na yarda da wannan Umma za ta ce na zaɓi dangin miji a kanta.

Maman 'Yan Biyu:
Har yanzu dai ba ki amsa min ba. Me mijinki ya ce?

Kayan Jarirai Sari Da Sayen Ɗaya:
Allah ya raba lafiya. Masu buƙatar baho, shawul, gidan sauron jariri da zannuwan goyo a yi min magana ta akwati, ana biya kaɗan-kaɗan.

Admin:
Ba ranar talla ba ce yau, a kiyaye.

Malamar Gwamnati:
In jinin ya hau da gaske, likita da kansa zai iya rubuta miki hutu tun yanzu, kin ga mai makarantar ba ta da ta cewa. Adashen kuma ki nemi wadda za ku yi musayar kwasa.

Hajiya Babba:
Ko takarda ko ba takarda, gida za ta. Ba ni lambar Umman taki in kira ta da kaina.

Mai tambaya:
Na gode duka, Allah ya bar zumunci. Maman 'Yan Biyu, cewa ya yi duk yadda na gani. Na tambaye shi ya fi a ƙirga, amsar ke nan, sai dai jiya na ji yana gaya wa Hajiyarsa a waya cewa ba inda za ni. Umma kuma ta sake kira ɗazu, wai ƙanina zai zo da mota ranar Asabar ta sama. Anti Nas, gobe yara suna rubuta lissafi kuma ni ce mai tsaron aji, amma zan yi ƙoƙari in leƙa asibitin jibi in an tashi.

Anti Nas:
Gobe na ce, ba jibi ba. Akwai kemis a layinku mai abin gwada jini? Ki je yanzu ki turo min lambar da ta nuna.

Uwargida Ran Gida:
"Duk yadda kika gani." Wallahi kamar nawa ne yake magana.