Zan sayi bakana na farko, wane iri zan nema?

Ɗan Gwaram:
Assalamu alaikum manya. Kakana maharbi ne. Da ya rasu aka raba kayansa, kwarinsa kaɗai ya zo hannuna, ba baka ba kibiya. Yanzu an gama girbi, ina so in koyi harbi, in hannu ya faɗa in riƙa bin 'yan garinmu farautar zabi da zomaye. Ranar kasuwa na ga wani baka an naɗe shi da jar fata, har da tuntaye, ya ba ni sha'awa. In saya?

Baba Maharbi:
Wa alaikumus salam ɗana. Wannan na rataye a ɗaki ne, bar shi. Fatar nan sau da yawa tsagewa take ɓoyewa, ko ramin ƙwaro. Nemi baka tsirara wanda za ka ga itacensa tun daga wannan kai har wancan. Ni nawa na dargaza ne, ya fi shekara 20 a hannuna, man kaɗanya kawai nake shafa masa lokacin hunturu. Idan za ka gwada, ja tsirkiyar a hankali kana kasa kunne. Ka ji ƙas, ajiye masa kayansa. Kuma kada ka saki tsirkiya ba kibiya a kai, haka ake karya baka. Kada girman kai ya sa ka ɗauki mai taurin da sai ka cije leɓe kafin ka ja shi. Hannu zai yi ta rawa, zabon kuwa ba jiran ka zai yi ba.

Na Ningi:
Baba, a gafarce ni, ai ɗan koyo gora ma ta ishe shi, ga araha. Ni a wajen kibiya na sha wuya. Tamu ba ta da gashi a gindi irin ta Turawa, saboda haka in kyauron ya ɗan karkace, ko ina ta ga dama za ta tafi. Ka mirgina kowace a tafin hannu kafin ka biya. Ka ce wa maƙeri ya yi maka marasa kunne na koyo, don mai kunne in ta shige buhun ƙaiƙayin da kake gwada harbi a kai sai ka farke shi.

Baba Maharbi:
Gora ba laifi, in ta bushe sosai. Amma ɗana, dafi dai kada ka kusance shi. Dafin kwankwani da ake shafa wa kibiya ba ya bambanta gada da yatsan mai shi. Ka je ka gai da Sarkin Bakan garinku da ɗan goro, shi zai nuna maka mai yin baka na gaskiya, ya kuma gaya maka dajin da ake shiga. Irin su Yankari da Falgore an hana farauta.

Ɗan Gwaram:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Ashe Sarkin Bakan namu abokin kakana ne. Ya ce in zo masa da kwarin ranar Juma'a ya auna tsawon kibiyar da za ta shiga.