Azaba ce ta kai Amurka ga Usama bin Laden?

Kawu Bala: Ni dai ina nan kan bakana. Ba don matsar da CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, ta yi wa waɗanda ta kama ba, da ba a gano maɓoyar Usama a garin Abbottabad na Pakistan a 2011 ba. Wanda ya kitsa kisan mutum kusan 3,000 a harin 11 ga Satumba ba lallami ne zai buɗe masa baki ba.

Anti Rabi: Haba Kawu, matsa kake kiranta? Khalid Sheikh Mohammed, wanda ake zargi da kitsa harin, sau 183 aka rufe masa fuska da ƙyalle ana kwarara ruwa har numfashi ya sarƙe. Duk da haka ƙarya ya shirga musu a kan ɗan aiken Usama da aka bi sawunsa har maɓoyar, ya nuna ba wani mai muhimmanci ba ne. Rahoton kwamitin Majalisar Dattawan Amurka na Disambar 2014 ya ce Hassan Ghul, wani ɗan al-Ƙa'ida da aka kama, ya ba da bayani mai amfani kan ɗan aiken tun kafin a fara gana masa azaba.

Kawu Bala: Ai CIA ta musanta rahoton nan. Kuma 'yan jam'iyya ɗaya ne suka rubuta shi.

Aminu: Haka ne Kawu, 'yan Democrat ne. Amma marigayi Sanata John McCain ɗan Republican ne, ya sha azaba a hannun mutanen Vietnam, kuma ya miƙe a majalisa ya goyi bayan a fitar da rahoton.

Malam Isuhu: Ku tuna Ibn al-Shaikh al-Libi, wani da Amurka ta tsare bayan harin. An miƙa shi Masar, da wuya ta yi wuya ya ce Saddam yana horar da 'yan al-Ƙa'ida. Colin Powell, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, ya ɗauki maganar ya kai Majalisar Ɗinkin Duniya a Fabrairun 2003, wata guda kafin a afka wa Iraƙi. Daga baya al-Libi ya janye, ya ce don a ƙyale shi ya faɗa.

Kawu Bala: Wannan na yarda kuskure ne. Amma a kan manyansu, har yanzu ban gamsu ba.

Anti Rabi: To wa ke tantance manyan? Rahoton ya ce cikin mutum 119 da CIA ta tsare, aƙalla 26 bai kamata a riƙe su ba. Ni Gul Rahman, wani ɗan Afganistan da CIA ta tsare, shi ke tsaya mini a rai. Nuwambar 2002, a wani kurkukun ɓoye kusa da Kabul, aka ɗaure shi da sarƙa a kan dandaryar siminti, ba wando, cikin tsananin sanyi. Da gari ya waye gawarsa aka tarar. Ba wanda aka gurfanar a kotu kan mutuwarsa, Kawu.